Leburan Dogo Ba Lebura Ba Ne

Ranar Asabar aka kira ni zaman shawara a gidan wani aminina. 'Yarsa aka zo nema, an tura bincike, masu bincike sun dawo. Yaro ba shi da aibu: yana salla, yana da sana'a, unguwa ta yi masa kyakkyawar shaida. Ana cikin hamdala sai ƙanen uban yarinyar ya gyara zama ya ce, "Yaya, akwai abu ɗaya da ya kamata a sani. Kakansa fa leburan dogo ne. A barikin reluwe aka haifi ubansa." Ya faɗe ta da irin muryar da ake faɗin mugun ciwo a dangi. Ɗaki ya yi tsit. Na ce masa, "Alhaji, ka kuwa san aikin da leburan dogo yake yi?" Ya ce, "Haba Malam, lebura ai lebura ne." Maganar aure ta wuce lafiya, an ba yaro, Allah ya sanya alheri. Amma amsar nan ta biyo ni gida ta hana ni sukuni.

Lebura dai ba kalmarmu ta gado ba ce. Daga bakin Turawa muka tsince ta, harshenmu ya lanƙwasa ta. Wannan ba komai ba ne, da irin wannan aro muka sami direba, makanike, kafinta, birkila, tela da masinja. Sai dai duk waɗannan sunaye, da ka ji su ka san abin da hannun mai sunan ya iya. Ka ce kafinta, an ga zarto da katako. Ka ce birkila, an ga cokalin gini da igiyar awo. Lebura ne kaɗai sunan da bai nuna gwanintar komai ba. Abin da yake cewa shi ne ga mutum, ga ƙarfinsa, a sallame shi da yamma. Yau yana kwaɓa siminti yana ɗauka a kwanon sarki, gobe yana sauke buhuna a Dawanau, jibi yana haƙa masai. Halalinsa yake ci, kuma ya fi ɓarawon biro daraja nesa ba kusa ba. Amma kowa ya san ba a zuwa koyon leburanci. Shigarsa ake yi, ranar da yunwa ta ce a shiga.

Da wannan suna muka kira mutumin da ke kula da hanyar jirgin ƙasa, alhali mu ba mutane ba ne masu yi wa sana'a rowar suna. Maƙeri, masaƙi, majemi, marini, magini, mahauci, kowanne da sunansa, kowanne da sarkinsa a fada, kowanne da kiɗansa. Ga aiki an fi shekara ɗari ana yinsa a ƙasar nan, uba ya yi, ɗa ya gada, jika ya tarar, amma har yau ba mu raɗa masa suna ba. Mun bar shi da na aro, na aron ma wanda ya fi kowanne ƙasƙanci.

Dalilin yana cikin yadda dogo ya shigo mana. A 1907 aka fara shimfiɗa layin Baro zuwa Kano, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda ya gaji Lugga. Mutumin Kanada ne, injiniyan hanyar jirgi, don wannan aikin aka kawo shi. Ta kogin Kwara ake hauro da ƙarafa a jiragen ruwa zuwa Baro idan ruwa ya cika, daga nan a yi ta kutsawa arewa, ta Minna, a ƙetare kogin Kaduna, a ratsa Zariya, har dogo ya isa Kano a 1911, tafiyar sama da kilomita 550. Babu katafila, babu tifa. Da diga da shebur da kwando aka sare tuddai aka cike kwaruruka. Akasarin waɗanda suka yi aikin kuwa ba nemansa suka zo yi ba. Bature ya faɗa wa sarki adadin mutanen da yake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida-gida. A ɗauke magidanci daga gonarsa a kai shi dajin da bai sani ba, ya yi makonni, a sallame shi da 'yan kuɗin da zai dawo ya biya haraji da su. Ƙasar Nufe da ta Gbagyi da ta Zazzau su suka fi ɗanɗana wannan kuɗar. A 1909 mutanen Gusoro suka yi bore har suka kashe wani jami'in Bature, aka aika musu da soja. Sarkin Zazzau na lokacin, Aliyu ɗan Sidi, ya yi waƙa a kan wannan zamani, ita ce Waƙar Diga. Sunan abin haƙan ya koma sunan wahalar kanta: idan tsoho ya ce an kai wane diga, ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Wanda aka kama aka kai ba ya dawowa yana alfahari, kuma 'ya'yansa ba sa yi masa kirari da abin da aka tilasta shi. Na fahimci wannan sarai. Kuskurenmu shi ne mun haɗa mutum biyu mun mai da su ɗaya. Ɗan diga ya gama shimfiɗa ya koma gonarsa. Wanda ya zauna a bakin dogo bayan an gama wani mutum ne daban, da wani aiki daban. Ana biyansa wata-wata, yana zaune da iyalinsa a 'yan gidajen nan da ake gani jefi-jefi a gefen layi, nesa da gari, kusa da rijiya ɗaya da bishiyar mangwaro. Kowane rukuni da rabonsa na hanya, daga alama kaza zuwa alama kaza, ƙarƙashin heluma, wato shugabansu. Duk abin da ya sami jirgi a cikin wannan rabo, su za a tambaya.

Ni a kusa da wata ƙaramar tasha na tashi, kan layin da ya tashi daga Zariya ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Don haka bari in gaya wa Alhaji, da duk mai irin tunaninsa, abin da "lebura" yake yi.

Tun da asuba, kafin jirgin farko ya wuce, mutum ɗaya zai fita da guduma mai doguwar ƙota da sufana a kafaɗa. Zai bi rabonsu da ƙafa, ya tafi ta wannan ƙarfe ya dawo ta wancan, kullum, ko ana ruwa ko ana hunturu. Idonsa na kan kowane noti da kowace mahaɗa. Wanda ya kwance ya ɗaure, wanda ya zame ya mayar. Yana tafe yana ƙwanƙwasawa yana saurare, domin ƙarfe mai lafiya amonsa daban, wanda ya fara tsagewa ta ciki amonsa daban, tun ido bai ga komai ba. Ina yaro wani tsohon heluma ya taɓa kirana ya miƙa mini gudumar. Ya ce, "Yaro, buga nan." Na buga. "To, matsa can ka buga." Na buga. Ya ce, "Me ka ji?" Na ce, "Baba, ni duk ɗaya na ji." Ya karɓi gudumarsa ya ce, "Na biyun ba zai kai damina ba." Ya yi masa alama da alli, kafin mako ya zagayo sun cire shi sun sa wani. Wannan tsoho bai iya rubuta sunansa da boko ba. A takardar albashi dangwala yatsa yake yi, kuma a gaban sunansa abin da aka rubuta shi ne shugaban leburori.

Tsakanin ƙarfe da ƙarfe a tsohon layinmu milimita 1,067 ne, wato ƙafa uku da rabi. Idan ya buɗe fiye da ƙima, ƙafar jirgi ta faɗa tsakiya. Idan ya tsuke, ta hau sama. Su ne masu awon, da sandar awo, taku bayan taku. A kwana kuwa, dole ƙarfen waje ya ɗara na ciki tsawo, gwargwadon tsananin kwanar da gudun jirgi, in ba haka ba nauyi ya jefa taragu waje. Wannan ɗagin ba ya zama yadda aka bar shi. Kowane jirgi da ya wuce yana danne tsakuwar da ke ƙasa, yana tura ƙarfe gefe kaɗan-kaɗan. Sai a zo da jak a ɗaga, a cusa tsakuwa a ƙarƙashin kowane gungumen da ƙarfe ke zaune a kai, a daddanne ta har ta ƙoshi. Heluma ya koma nesa, ya durƙusa ya kwantar da kumatunsa a kan ƙarfe ya hango tsawonsa da ido ɗaya, yana nuni da hannu: nan ya lotsa, can ya karkace. Idonsa shi ne ma'auni.

Sai zafi. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji rana: kowane kilomita ɗaya yana ƙara tsawon da ya ɗan haura santimita 1 duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 1. Tsakanin sanyin asubar hunturu da rana tsaka a bazara, ƙarfen da ke shanye a fili yana iya samun bambancin digiri 40 ko fiye. Ka lissafa, kusan rabin mita ke nan a kowane kilomita. Shi ya sa ake barin ɗan giɓi a kowace mahaɗa, kuma wannan giɓin ne yake ba da ƙarar nan ta ƙwas-ƙwas da duk wanda ya taɓa hawa tsohon jirgi ya sani. Idan tsatsa ta kama mahaɗa ta hana ƙarfe numfashi, ko giɓin ya cike, ƙarfe ba shi da inda zai je sai gefe. Ranar da aka yi zafi mai tsanani sai layi ya lanƙwashe cikin ƙiftawar ido. Saboda haka kafin bazara sukan bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, su kwance, su shafa mai, su mayar. A watan Maris da Afrilu, lokacin da kowa ke neman inuwa, su a lokacin suke sintiri.

Damina ta fi komai. Ruwa shi ne babban abokin gaban dogo. Kwalbati ɗaya ya toshe da yayi da ƙasa, ruwa ya taru a bayan tudun da aka ɗora layi a kai, ya ci ƙasa ta ƙarƙashi, ya bar ƙarfe a rataye kamar ba abin da ya faru. Direba daga nesa layi yake gani lafiyayye. Don haka daren da aka yi ruwa mai ƙarfi ba sa barci. Su ɗauki fitila su fita, su duba kowace gada da kowane kwalbati. In sun tarar da zaizaya, mutum ya ruga da gudu ya tari jirgi tun daga nesa, da jar tuta ko jar fitila, ya ɗaura wasu 'yan abubuwa a kan ƙarfe masu fashewa da ƙarar bindiga idan ƙafar jirgi ta taka su, don direba ya san akwai haɗari a gaba ya ja birki. Taragu cike da mutane, da mata da goyo, suna barci, ba su san an yi ba. Gari ya waye su isa inda za su, su gode wa direba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar gyaran karkata. Ƙarfen dogo da gungumensa da tsakuwarsa ba abin da mutum ɗaya zai motsa ba ne, ko goma, idan kowa na yin nasa. Sai su jeru da dogayen sandunan ƙarfe, kowa ya soka tasa a ƙarƙashi. Ɗaya ya ba da waƙa, saura su amsa, a kan gaɓa ɗaya kowa ya danna lokaci guda, layi ya matsa ɗan yatsa ɗaya. A sake. Waƙar ita ce ke haɗa ƙarfin mutum goma sha ya zama ɗaya. Mai ba da waƙa in ya ga sun gaji ya sassauta, in ya ji jirgi ya kusa ya ɗaga. Wani lokaci zambo ne, wani lokaci begen gida, wani lokaci habaici ga Baturen da ke zaune a kan kura ana tura shi yana duba aiki. Ba a naɗi waɗannan waƙoƙi ba. Masu yinsu suna ta tafiya da su.

A Amurka ma da wannan dabarar aka yi aikin, kafin injuna su karɓe shi. Su sai suka ba ma'aikatan suna nasu na kansu, "gandi dansa", wato masu rawar gandi, saboda yadda suke motsi tare a kan sandunan ƙarfensu kamar masu rawa. A kudancin ƙasar akasarinsu baƙaƙen fata ne, jikokin bayi, kuma ba wanda zai ce an mutunta su a zamaninsu: albashi kaɗan, wariya, wahala. Duk da haka sunan ya bambanta su da kowane mai aikin ƙarfi. Da aikin ya ƙare sunan ya rage, aka bi sawunsa aka nemo tsofaffin, aka naɗi muryoyinsu. A 1996 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba biyu daga cikinsu, 'yan jihar Alabama, lambar girma mafi daraja da take ba masu fasahar gargajiya. Mu in mun tashi neman namu, da wane suna za mu yi cigiya? Mu ce a rediyo duk wanda ya taɓa leburanci ya fito?

Na san za a ce suna ba ya cika ciki, kuma a Indiya an sauya wa 'yan dakon tasha suna a 2016 ba tare da kayan sun rage nauyi ba. Gaskiya ne, kuma ba sauyin suna na kwalliya nake nufi ba.

Abin da nake nufi shi ne, abin da ka kira mutum shi yake nuna abin da za ka yi da shi ranar da kuɗi suka yi ƙaranci. Idan a takarda an rubuta lebura, ma'anarsa duk wanda aka tsinta a bakin titi zai iya maye gurbinsa. Ba a ware kuɗin horar da lebura. Ba a tunanin wa zai gaji lebura. Ranar rage ma'aikata ba wanda zai tashi a taro ya ce, ranka ya daɗe, in aka sallami wannan tsohon an sallami kunnen da ke jin tsagar ƙarfe. A 1964, shekarar da dogo ya isa Maiduguri, jiragen ƙasar nan sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3, a kan layi mai tsawon kilomita 3,505. Daga shekarun 1980 aka shiga rage ma'aikata kashi-kashi. Gidajen bakin layi suka zama kufai, ciyawa ta rufe tsakuwa, kwalbatoci suka toshe, aka yi ta rage wa jirgi gudu don kada ya kife, har tafiyar yini ta koma ta kwana biyu, fasinja suka gudu zuwa tashar mota. Akwai rashin kuɗi, akwai manyan motoci, akwai sata a ofis, ban musa ba. Amma dogo ba a ofis yake mutuwa ba. A daji yake mutuwa, noti ɗaya bayan ɗaya, inda babu mai ɗaurewa.

Kuma ku dubi abin da waɗannan mutane suka riƙe mana. Turawa auduga suka yi tsammani za su kwasa daga Kano, sai gyaɗa ta ba su mamaki: a 1913 kaɗai an fitar da sama da tan 19,000. Daga nan dalar gyaɗa ta tashi, su Alhasan Ɗantata suka bunƙasa, Sabon Gari ya cika. Layi ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya isa Nguru a 1930. Kafanchan dogo ne ya bunƙasa ta. Kuza daga Jos, fata da ƙiraga daga Kano, shanu zuwa Legas, goro daga kudu, alhazai, ɗalibai, soja, amare. A 1945 ma'aikatan reluwe ne ƙashin bayan yajin aikin gama-gari da Michael Imoudu ya jagoranta, wanda ya tsayar da ƙasa fiye da wata guda ya nuna wa Turawa cewa ƙasar ba ta tafiya sai da talaka. Duk gidan da ke taƙama da arzikin gyaɗa a Arewa, arzikin nan a kan ƙarfen da "lebura" ya ɗaure ya bi. Yau jikan mai gyaɗa ne yake yamutsa fuska a kan jikan mai ɗaurin. Wannan butulci ne, ba ni da wani suna da zan kira shi.

Cutar kuwa ita ce wadda na sha faɗa a nan har wasunku suka gaji: mun mai da laƙabi ya fi iyawa. Kowa injiniya ne yanzu. Yaron da ya yi wata shida a shagon gyaran waya injiniya ne, ɗan kwangilar da bai taɓa riƙe sufana ba injiniya ne, a katin biki kuwa sai ka ga laƙabi huɗu kafin ka kai ga sunan mutum. Wanda ya shekara talatin yana karanta ƙarfe da kunne, shi lebura ne saboda ba shi da takarda. Muna tura 'ya'yanmu su yi shekara huɗu su karɓo kwali su dawo su zauna, mun gwammace haka da a ce ɗanmu yana aikin hannu. Sannan mu zauna a majalisa muna tambaya me ya sa komai namu yake lalacewa, famfo, asibiti, makaranta, taransifoma. Yana lalacewa ne domin mun raina mai gyara. Mun iya biki ranar ƙaddamarwa, a kafa rumfa, a yanka ƙyalle, a yi jawabi. Ba wanda aka taɓa kafa wa rumfa don ya shekara ashirin jirgi bai kife a rabonsa ba.

Yanzu ga shi mun shiga sabon zamani da bashin biliyoyi. Layin Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, an buɗe shi a Yulin 2016, mai faɗin milimita 1,435, da gungumen kankare. Na Warri zuwa Itakpe ya biyo a 2020, na Legas zuwa Ibadan a 2021. Ana aikin na Kaduna zuwa Kano, ana na Kano zuwa Maraɗi. Za a ce mini yanzu inji ne ke cusa tsakuwa, na'ura ce ke duba tsaga. Haka ne, kuma madalla. Amma inji ba ya kwana a bakin kwalbati. Inji ba ya ganin an kwance maƙalai ɗari cikin dare an kai wa 'yan gwangwan. Tun ba a je ko'ina ba mun ga jirgin Kaduna ya sauka daga layi a Kubwa a Janairun 2023, ya sake sauka a Asham a Agustan 2025. Harin da aka kai wa jirgin Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 kuwa, wanda ya rufe layin har zuwa Disamba, da fasa ƙarfen dogo aka fara shi. Ba ina cewa mai guduma zai tare ɗan bindiga ba. Ina cewa layin da ke da mutane a bakinsa, waɗanda suka san kowane ƙauye da kowace baƙuwar fuska, 'ya'yansu na makaranta ɗaya da 'ya'yan manoman wurin, ya fi wuyar taɓawa a kan layin da ba kowa sai shinge.

Ni dai daga yau a wannan fili "mai kiwon dogo" zan riƙa cewa, jam'i "masu kiwon dogo". Ban ƙirƙiro komai ba, kiwo kalmarmu ce, kuma mun riga mun faɗaɗa ta har muna cewa kiwon lafiya. Abin da makiyayi ke yi wa garkensa shi wannan mutum ke yi wa rabonsa: ya fita da asuba, ya san kowacce, ya gane mai ciwo tun ba ta kwanta ba, ya kwana a waje daren da ake tsoro. Wanda yake da wadda ta fi wannan ya kawo, zan karɓa hannu bibbiyu, musamman in daga bakin masu aikin ta fito. Abokan aikina na gidajen rediyo, ku ne masu raɗa suna a zamanin nan. Kalmar da kuka maimaita wata uku ta zauna. Idan jirgi ya kife kuka ce "an tura leburori su gyara", kun gaya wa mai sauraro cewa aikin na kowa ne.

Sauran magana ta hukuma ce da ta jami'a. Muna da Cibiyar Fasahar Sufuri a Zariya tun 1986, ga sabuwar Jami'ar Sufuri a Daura. Su yaye injiniyoyi, muna so. Amma su buɗe ƙofa ta biyu, ga yaron Kazaure ko Jibiya da ya gama sakandare, a koya masa kiwon dogo a matsayin sana'a mai daraja-daraja, mai shaida, mai ƙarin girma, yadda zai fara da guduma ya ƙare yana duba ɗaruruwan kilomita. Malaman farko kuwa suna nan, ba sai an ɗauko su daga Sin ba. Suna Zariya, suna Minna, suna Kafanchan, suna Nguru, suna Bauchi, tsofaffi a unguwannin reluwe, suna layin fansho. Sassan Hausa na jami'o'inmu, da ke tura ɗalibai su rubuta kundi na ɗari a kan waƙar da aka riga aka tatse, su tura ko mutum biyar da rikoda su zauna da waɗannan dattawa, su ɗauko waƙoƙin aikin da sunayen da suke kiran kowane ƙarfe da kowane makami. Kowace damina ana rasa wasu.

Tambayata ga masu kula da aikin Kano zuwa Maraɗi guda uku ce. Ranar da ɗan kwangila ya naɗe kayansa ya tafi, mutum nawa aka tanada don kowane kilomita goma? Ina za su zauna da iyalinsu tsakanin Daura da Katsina, da tsakanin Katsina da Jibiya? Kuma da wane suna za a rubuta su a takardar albashi? Duk jami'in da ke da amsa ya aiko ta ofishin jaridar nan, zan buga ta a wannan fili yadda ta zo.